Mayafi a Kan Kujera

Kurciya ba sunanta na gaskiya ba ne. Kakarta ce ta laƙaba mata, saboda ko ƙofa aka buga da ɗan ƙarfi sai ka ga ƙirjinta yana harbawa ta cikin riga kamar tsuntsuwar da aka damƙe a hannu. Tana da shekara shida aka sa ta makaranta, kuma tun ranar farko abin ya ƙi. Ana ɗaura mata takalmi ciki zai murɗa. Kafin a kai bakin titi ta amayar da ɗan shayin da aka lallaɓa ta sha. In an isa ƙofar aji sai ta ƙanƙame wanda ya kawo ta, ba ihu ba kururuwa, rawar jiki kawai da haƙora suna haɗuwa.

An kai ta asibiti, likita ya matsa ciki, ya leƙa ido, ya ce lafiyarta ƙalau. Maƙwabta kuwa kowa da maganinsa. Wata ta ce shagwaɓa ce, tsumagiya biyu ta wadatar. Wata ta ce uwar ce ta ja mata, mace ta fice aiki gidan burodi tun rana ba ta fito ba ta bar 'ya a hannun tsohuwa. Ita mai wannan maganar 'ya'yanta uku babu wanda ya gama firamare, amma ba a samu mai tuna mata ba.

Uban yarinyar direban motar kaya ne, kwana huɗu a hanya, uku a gida, kuma ba ya son magana mai tsawo. Ya ce, "In zangon nan ya ƙare ba ta iya zaman aji ita kaɗai ba, a cire ta. Ta zauna gida sai ta yi wayo."

Kaka ta san irin wannan sai-ta-yi-wayon. Da shi aka cire ta ita kanta daga aji biyu, yau shekara sittin ana jiran wayon bai iso ba. Don haka da makaranta ta aiko a turo babba ɗaya daga gidan, ita ta yafa mayafinta ja ta tafi.

A makarantar akwai wata malama da ba ta da aji nata. Aikinta irin waɗannan yaran ne, masu firgita da masu ƙin magana da masu ɓuya ƙarƙashin tebur. Yara suna ce mata Malama Doguwa. Ofishinta ɗan ɗaki ne kusa da sito, tabarma ɗaya, agogon bango, da kwali cike da alli.

Ta ce, "Mama, kujera za mu ba ki a cikin aji, dab da ita. Kullum da safe za mu matsar da kujerar kaɗan. Kurciya ce za ta faɗi taku nawa, ita za ta ƙirga, ita za ta shata wurin da alli."

"In ta ce taku ɗaya fa?"

"Ɗaya ne."

"To kafin mu kai ƙofar makaranta ai sai dai jikanta ya ƙarasa da ni."

Malama ta ɗan yi murmushi, ba da yawa ba. "Sharaɗi ɗaya ne, Mama. Kada ki tashi daga kujerar nan ba ki gaya mata ba. Ko bayi za ki, ki ce mata za ki, ki faɗi lokacin da za ki dawo, ki dawo a kansa. Kada a yi mata wayo."

Kaka ta ce to. A ranta kuwa dariya take. 'Ya'ya bakwai ta raina, duk da wayo. Je ka ɗauko takalminka mu tafi tare, kafin ya fito an sha kwana. Ya yi kukansa ya share hawaye, ga su nan duk sun yi gemu, masu haihuwa sun haihu. Yanzu wannan malamar, yarinyar da aka ce ko goyo ba ta taɓa yi ba, ita za ta koya mata raino da takarda.

Amma abin mamaki, kujera ta yi ta tafiya. Farar kujerar roba ce mai hannu, ƙafarta ɗaya an ɗaure da waya. Makon farko tana jikin bencin Kurciya, gwiwa na gogar gwiwa. Sai ta koma bayan aji. Ranar da za ta tsallake dokin ƙofa sai da aka yi kwana uku ana ciniki, Kurciya ta ce taku biyu, ta ƙirga ɗaya da rabi, ta ja layi. Malama ta ajiye kujera a kan ɗaya da rabin. Daga nan baranda, daga baranda gindin famfo. An mayar da bencin yarinyar jikin taga don ta riƙa hangowa. Sai ta yi rubutu layi biyu, ta ɗaga kai, ta ga jan mayafi, ta sunkuya.

Kaka ba ta yi asarar zaman ba. Ta gano malamin da ke barci a sito, da malamar da ke ɓoye ciki a ƙarƙashin babbar riga, da uwar da ke zuwa ɗaukar ɗa a mota daban-daban kowane mako, wai duk na ƙannenta ne. Duk tana tarawa ta kai wa ƙawarta Rediyo ranar hutu. Tun suna 'yan mata suke tare, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba: in Rediyo ta ji magana da safe, kafin azahar har kurame sun samu.

A mako na bakwai kujera ta kai gindin bishiyar da ke kusa da ƙofar makaranta, tsallaken fili gaba ɗaya. Amai ya tsaya. Kurciya ta fara cin abin da aka zuba mata a kwano. Saura mako uku zango ya ƙare, saura kujera ta fita waje, sannan ta koma sito.

A wannan makon ne Rediyo ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Aka kwantar da ita a babban asibiti, sashen da ba a barin 'yan dubiya sai awa ɗaya da hantsi, goma zuwa sha ɗaya, kuma ba a shiga da yara. 'Yarta ta bugo waya ta ce, "Goggo, in za ki zo ki zo. Likitoci ba su faɗi abin daɗi ba."

Ba za a ce Kaka ba ta gwada gaskiya ba. Da safe tana gyara wa yarinyar wuyan riga ta ce, "Ke 'yar nan, in na ɗan leƙa asibiti yau na dawo fa?"

Hannun Kurciya ya tafi kan cikinta, leɓenta ya yi fari.

"Wasa nake miki. Ina zan je, ni da ko kuɗin mota ba ni da shi."

Ta yi tunanin gaya wa Malama, ta san amsar: ki gaya mata. In an gaya mata kuwa kujera za ta koma gindin famfo, ko baranda, ga mako uku kacal. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba. Daga taga zuwa bishiya ai da nisa. Me yarinyar take gani in ba ja ba?

Mai gadin makarantar tsoho ne mai haƙori ɗaya a sama, kullum yana cikin ɗan ɗakinsa da ƙwallayen da ya ƙwace wa yara. Kaka ta same shi ta yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Ke tsohuwa, so kike a kore ni."

"Wa zai kore ka? Ko ɓarawo ya zo ai tausayinka zai ji ya koma. Awa ɗaya ce. Ara mini matashinka."

Suka jingina matashi a kujera, suka ɗora jakarta a kan cinya. Abin ya yi kama da mutum marar kai. Mai gadi ya dube shi, ya shiga ɗaki ya fito da ƙwallo, ya ɗora a sama. Kaka ta lulluɓa jan mayafin, ta soke shi ta baya, ta juya kujerar kaɗan yadda take yi in rana ta dame ta. Ta yafa wani tsohon baƙin mayafi da ta taho da shi a jaka.

Mai gadi ya ja baya ya kanne ido. "Wallahi ta fi ki kyau. Ga ta ba ta surutu."

"Sai ka nemi aurenta, ta dace da kai."

Ta sulale ta bayan bishiya, ya buɗe mata ƙaramar ƙofa.

Rediyo tana gado na huɗu daga bakin ƙofa, an sa mata roba a hanci. Bakin nan da ya gagari unguwa ya koma gefe ɗaya, yawu yana bin haɓa. Kaka ta goge mata da bakin zane, ta ja kujera, ta fara sauke kaya: malama mai ciki, mai barci a sito, mai motocin ƙanne. Idon Rediyo ɗaya ya yi ƙyalli. Ta yi wani gurnani a maƙogwaro.

Kaka ta ce, "Na sani. Ni ma haka na ce. Ƙanne shida duk masu gemu fari?"

Da ta ba ta labarin ƙwallo, kafaɗar da ke da rai ta girgiza. Kaka ta fito tana share ido, amma zuciyarta wasai. Sha ɗaya da rabi tana cikin mayafinta a gindin bishiya. Da aka tashi ta je ƙofar aji, Kurciya ta kama hannunta.

"Kaka, yau ba ki ɗaga mini hannu ba."

"Gyangyaɗi na yi. Tsufa ne."

Haka aka yi kwana uku. A na huɗu motar haya ta maƙale a bayan wata tirela da ta lalace a kan gada. Kaka ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, gwiwa na ƙara. Ta iso sha biyu saura, ta tura ƙaramar ƙofa, a kulle. Ɗakin mai gadi ba kowa, an aike shi ofis da saƙo. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafa.

Kurciya ce a tsakiyar fili, ita kaɗai.

Tun da aka sa ta makarantar nan ba ta taɓa taka filin nan ba sai tana riƙe da hannun wani. Tana tafe a hankali, ta riƙe wata takarda da hannu biyu a ƙirji. Can baya, a baranda, Malama Doguwa tana tsaye ta harɗe hannu, tana kallonta kamar mai kallon tulu a kan ɗan koyo. Daga baya aka ji cewa ranar ce yarinyar ta fara ɗaga hannu a aji ta ba da amsa da muryarta, aka manna mata tauraro a takarda, ta ce ita za ta kai wa Kaka da kanta.

Kaka ta buɗe baki. In ta kira ta daga nan, yarinyar za ta ga kaka biyu, ɗaya a waje ɗaya a ciki. In ta yi shiru kuma... Tana cikin wannan lissafin Kurciya ta iso gindin bishiya.

"Kaka. Kaka, duba."

Ta taɓa kafaɗa. Kan ya gangaro daga cikin mayafi, ya faɗi ƙasa, ya yi tsalle biyu, ya mirgina zuwa gindin katanga.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya ƙiƙam da takardarta, tana kallon mayafin da ya lotsa, sai ga ruwa yana bin ƙafarta yana shiga safa. Malama ta taho da gudu. Kaka tana jijjiga ƙofa tana cewa ga ni, ga ni nan, 'yar nan dube ni, ga ni. Yarinyar ta juyo ta dube ta cikin baƙin mayafi, kallon da ake yi wa baƙo.

A ɗan ɗakin nan na kusa da sito, bayan an sauya wa Kurciya kaya ta kwanta a tabarma ta juya wa kowa baya, Malama ta ja Kaka bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kwana nawa?"

"Yau ne kawai."

Malama ta dube ta.

"Huɗu," in ji Kaka. "Ƙawata ce ba lafiya. Mutuwa za ta yi."

"Allah ya ba ta sauƙi. Da kin gaya mini, Mama, da mun shirya ta. Mu nuna mata agogo, ki tafi minti goma ki dawo, gobe ashirin. Za ta yi kuka, amma za ta ga kin dawo. Abin da muke koya mata ke nan tun farko, ba zaman kujera ba. Ni ma da laifina, ina ganin ja daga nesa ban taɓa tsallakowa na gaishe ki ba."

"Ai kwana uku lafiya ta zauna, ba ni nan. Kin ga ashe za ta iya."

"Ta iya saboda ta yarda da abin da idonta ya gani. Yanzu da me za ta yarda?"

Mai gadi ya sha faɗa a ofis, aka ce in ya ƙara zai tafi gida. Ya daina amsa gaisuwar Kaka. Kafin a tashi labari ya zaga iyayen da ke jira a ƙofa, kuma kamar yadda aka saba ya yi ƙiba a hanya: wasu suka ce gunki ta sassaƙa, wasu suka ce wata guda ke nan ƙwallo ke rainon yarinyar.

Da yamma uwar ta dawo daga aiki, gari a gashin girarta. Ta ji, ta ajiye jaka, ta shiga wanke safar 'yarta ba ta ce uffan ba. Shekara shida Kaka tana yi mata gorin ba ta iya raino ba, yau ga dama ta samu amma ta ƙi ɗauka, wannan ya fi zagi ciwo. Uban yana gida ranar.

Ya ce, "Shi ke nan, Inna. An gwada. Ba sai an jira ƙarshen zango ba."

"Ba ita ta kasa ba. Ni na kasa."

"Ko ma wane ne. Kin wahala, yarinya ta wahala, mun zama abin dariya."

"Kai ka zama abin dariya? Kana can kan titi kana cin naman tasha? Ni ake wa dariya, kuma na iya ɗauka. Ka ba ni zango ɗaya."

"Inna..."

"Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ubanka ya rasu. Zango ɗaya."

Ya daɗe yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce ɗaya, daga shi babu ƙari.

Ranar Litinin amai ya dawo, tun a tsakar gida. Malama ta sa aka goge duk layukan alli, daga baranda har gindin bishiya. Kujera ta koma jikin benci. Sai dai yanzu kallo bai isa ba. Kurciya tana rubutu da dama, hagunta tana riƙe da wuyan hannun Kaka, fata da fata. In Kaka ta miƙa mata gefen mayafi sai ta ture. Lokaci-lokaci takan matsa da ƙarfi, ta jira, sai ta ji hannun ya motsa sannan ta ci gaba. Da Malama ta tambaye ta taku nawa yau, ta ce babu. Washegari ma babu. Aka yi mako guda ana babu.

Kaka ba ta ƙara zuwa asibiti ba. Ranar hutu ta shirya za ta je, yarinyar ta kwanta a bakin ƙofa, uwar tana wurin aiki, babu wanda za a bar wa. Kullum goma ta yi sai idon Kaka ya tafi kan agogon aji, ya tsaya can har sha ɗaya.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe, ana karatun ƙidaya, waya ta yi kuka a jakarta. Ta ɗauka da hannun da ba a riƙe ba. 'Yar Rediyo ce. Maganar ba ta da tsawo. Ta ce da hantsin nan rai ya yi halinsa, kuma za a kai ta da azahar, in Goggo tana son ganin fuskarta ta taho yanzu.

Kaka ta mayar da waya jaka. Malama Doguwa tana bakin ƙofa, ta ga fuskarta, ta gane. Ta matso ta durƙusa.

"Ki gaya mata, Mama. Ni zan zauna a kujerar har ki dawo."

Kaka ta sunkuya saitin kunnen yarinyar. Ba ta taɓa yi wa yaro irin wannan maganar ba.

"Kurciya. Ƙawata ta rasu, wadda nake zuwa dubawa ran nan da na yi miki ƙarya. Ina so in je in gan ta. Malama za ta zauna nan. In dogon hannun agogo ya zaga sau biyu zan dawo."

Yarinyar ba ta ɗago ba. "Ƙarya ne."

"Wannan karon ba ƙarya ba ne."

"Ran nan ma kin ce gyangyaɗi kika yi."

Ta ajiye fensir, ta kama wuyan hannun da hannu biyu. Haƙoranta suka fara haɗuwa. Yaran benci na gaba suka juyo suna kallo, malamar aji ta buga tebur ta ce kowa ya dubi allo.

Malama ta ce a hankali, "In kin tafi ba ki yi laifi ba, kin gaya mata. Za mu riƙe ta. Sai dai ba zan ce miki ba zai ƙara mayar da mu baya ba. Ban sani ba."

Kaka ta dubi agogo. Mota biyu ce zuwa gidan Rediyo, in gada ba cunkoso za ta samu. Shekara hamsin da wani abu, babu sirrin da ɗaya ta ci ita kaɗai. Ta dubi 'yan yatsun da suka nutse a fatarta, farcen sun yi fari. Zango ɗaya aka ba ta, ita ta roƙa da bakinta.

Ta sauke jakar daga cinya ta ajiye ƙasa.

"Ɗauki fensirinki. Ina nan."

Kurciya ba ta ɗauka ba sai da aka jima. Malama ta tashi ta koma bakin ƙofa. Aji ya ci gaba da ƙidaya da murya ɗaya, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu. Hawaye ya gangaro wa Kaka har cikin baki, ta share da bayan hannun hagu, don na dama ba a sake shi ba. Da azahar ta yi tana nan zaune.